A buga wa masu koyon karatu littafin kare

Tun shekarar 1963 da aka fara yaƙi da jahilci a Nijar, magidanta da matan aure masu ɗimbin yawa sun zauna bisa tabarma bayan aikin gona, sun koyi baƙi da wasali cikin harshen da suka sha a nono. A shekarar 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka soma karatun boko da hausa kafin su shiga faransanci. Tambayar da ta dami malaman wancan zamani tana nan har yau: wanda ya sauke littafin farko, me zai karanta bayansa? Karatu kamar hanyar gona ne, in an daina bin ta ciyawa ta rufe ta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an ga mutumin da ya karɓi takardar shaida da hannunsa, bayan damina biyu ya kasa karanta sunansa a jikin katin asibiti.

Jaridun karkara irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi na jahar Tawa, an kafa su ne domin toshe wannan kafa, sun kuma yi aikin da ba za a manta ba. Amma tsakanin littafin baƙaƙe da shafin jarida akwai tazara mai faɗi, wadda ba kowane sabon ɗalibi yake iya tsallake ta ba. Abin da yake cike ta shi ne ɗan ƙaramin littafi mai manyan hotuna da kalmomi kaɗan, jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi. Irin waɗannan littattafai sun yi ƙaranci ainun cikin harsunan ƙasa. Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne cewa cikin na farko da ya kamata hukuma ta buga, a sa littafin kare. Wasu za su yi dariya, wasu za su ɓata fuska. Ya dace dukansu su saurari dalilai kafin su yanke hukunci.

Abin da aka yi a wasu ƙasashe

Ƙasashen da suka daɗe da buga littattafan yara sun gane amfanin kare tun da jimawa. A Amurka, a shekarar 1961, P. D. Eastman ya fitar da wani littafi na karnuka masu tuƙa motoci, wanda duk kalmomin cikinsa 75 ne kacal, ana ta maimaita su. A 1963 Norman Bridwell ya ƙago Clifford, wani jan kare da ya fi ɗaki tsawo. A Ingila, a 1980, Eric Hill ya yi littafin wani kwikwiyo mai suna Spot, wanda uwarsa take nema ɗaki ɗaki, yaro yana ɗaga ɗan murfin takarda ya ga abin da yake ɓoye a ƙarƙashi. A Faransa ma, littafin koyon karatu na Daniel et Valérie da ya fito a 1964 yana da karensa mai suna Bobi.

Ba son dabbobi kaɗai ya sa marubutan nan suka zaɓi kare ba. Mai koyon karatu yana bukatar abin da ya riga ya sani, domin kada a haɗa masa wahala biyu, ta baƙi da ta ma'ana. Yana kuma bukatar abin da yake motsi, domin aikatau shi ne ƙashin bayan jimla. Kare yana gudu, yana zama, yana kwanciya, yana haushi, yana ɓuya, yana tono, kuma kowanne cikin waɗannan mai zane yana iya nuna shi sarai ba tare da bayani ba. Yaro ya dubi hoto ya yi zato, sa'an nan ya dubi baƙaƙe ya tabbatar da zatonsa. Ranar da ya ga zatonsa ya yi daidai da rubutu, ranar ce ya fara yarda da kansa. Tunkiya da raƙumi suna da nasu littafi, amma babu dabbar da ta kai kare yawan aiki a gaban idon yaro, birni da ƙauye.

Don me ba za a fassara nasu kawai ba

Mai neman sauƙi zai ce a sayo waɗannan littattafai a juya su da hausa, aiki ya ƙare. Wannan kuskure ne mai haɗari. Karen da yake cikin littafin Turai yana kwana bisa gadon yaro, yana lasar fuskarsa, ana yi masa wanka a ɗakin wanka, ana sayo masa abinci a kanti. Ɗan Tasawa ko ɗan Madawa bai san wannan kare ba, iyayensa kuma in sun ga hoton za su rufe littafin su ce ga abin da boko yake koya wa ɗiyansu. Tun zamanin mulkin mallaka André Davesne ya gane cewa yaron Afirka ba ya koyo da kyau cikin littafin da aka yi domin yaron Faris, shi ya sa ya rubuta Mamadou et Bineta. Bai kamata ƙasa mai ƴancin kai ta kasa gane abin da mushen Faransa ya gane ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Ingila ta rabu da ciwon haukan kare tun 1922. An bayyana Faransa a matsayin ƙasar da ta kuɓuta daga cutar cikin dabbobinta na tudu a 2001, Amurka kuma ta kawar da nau'in da karnuka suke yaɗawa a 2007. Yaron can yana iya rungumar kwikwiyon maƙwabci ba tare da fargaba ba. Yaron Nijar da ya ga wannan hoto ya kwaikwaya da karen da ya tarar a bakin mahauta, yana iya biyan kuɗin kwaikwayon da ransa. Littafin da ya dace da can yana iya zama guba a nan.

Kalmar kanta makaranta ce

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a cibiyar yaƙi da jahilci ya san darajar kalma mai gaɓa biyu sassauƙa. Kare yana cikin irinsu. Da baƙaƙensa huɗu ake rubuta rake. A sauya wasali ɗaya ko biyu a samu kara, kore, kura, kira. Tun shafi na uku ɗalibi ya mallaki kalmomi shida da zai iya rubutawa a ƙasa da yatsa.

Abin da ya fi ba sababbin ɗalibai wahala, har ma da wasu ma'aikata da suka yi karatu mai zurfi da faransanci, shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda taron Bamako na 1966 ya amince da su, dokar rubutun hausa ta 1999 kuma ta tabbatar. Labarin kare guda ɗaya yana ɗauke da su duka huɗu ba tare da an tilasta shi ba: ga ɓarawo da ya hauro katanga, ga ɗan kwikwiyo, ga ƙashi, ga ƴaƴan da uwarsu take shayarwa. Nan ne kuma ɗalibi zai ga cewa ƙugiya ba ado ba ce. Kare dabam, ƙare dabam. Karya ita ce macen kare, ƙarya kuwa halin banza ne. Wanda ya rubuta cewa kare yana cin ƙashi, ya manta ƙugiyar, ya faɗi wani abu da zai sa aji duka ya fashe da dariya, kuma wanda ya yi wannan dariya sau ɗaya ba zai sake mantawa ba. Bayan haka wutsiya ta kawo ts, haushi ya kawo sh, kwikwiyo ya kawo kw, cizo ya kawo c. Da wuya a samu wata dabba da ta tara wa malami kayan aiki haka.

Maganar rai ce

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga cizo ko yaƙushin kare suka kamu, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalilin a fili yake. Yaro ne yake jifan kare, shi yake jan wutsiyar kwikwiyo, shi ne gajere wanda cizo yake samu a fuska ko a wuya, kusa da ƙwaƙwalwa. Shi ne kuma yake ɓoye ciwon don tsoron bulala.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga ta miki sai ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Miki ya warke, kowa ya manta, sai ran nan zazzaɓi ya taso, mutum ya kasa haɗiyar ruwa, ya firgita da ganinsa. Daga nan kusan babu mai tashi. Alhali kuwa kafin alamun su bayyana akwai kariya, tun ranar 6 ga Yuli 1885 da Louis Pasteur ya yi wa Joseph Meister, yaro ɗan shekara 9, allurar farko ya rayu.

Abin da ake bukatar kowa ya sani bai fi a ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya ba. A wanke wurin cizo nan take da ruwa mai yawa da sabulu har minti 15. Kada a zuba masa toka, ko barkono, ko ƙasa, kada a ɗaure shi tamau. A tafi gidan likita a ranar, ko da mikin ƙarami ne, a kuma cika allurai duka yadda aka tsara. A sanar da ma'aikatan kiwo domin su sa wa karen ido na kwanaki 10 aƙalla. Waɗannan jimloli ne da mai wata uku a aji zai iya karantawa, kowace da hotonta. Shafi ɗaya ya nuna yarinya ta ruga wurin uwarta tana nuna ƙafa, a rubuta ƙarƙashi: Hadiza ta gaya wa inna. Na gaba ya nuna buta da sabulu: inna ta wanke ƙafa. Na gaba ya nuna amalanke a ƙofar likita. Wani shafi ya nuna kare da yawu yana dalala, yana cizon itace, ko muƙamuƙinsa ya saki, yara kuma sun ja da baya sun kira babba. Wani ya nuna karya tana shayarwa, da kare yana cin abinci, a rubuta: kada a taɓa. Sanarwar rediyo tana wucewa da iska, takardar bango rana tana cinye ta, amma littafin da yaro ya haddace yana cikin kansa ranar da abin ya faru.

Littafin yana da saƙo ga mai kare shi ma. Masana sun tabbatar cewa in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Maƙwabta sun gwada: a birnin Njamena na Cadi an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, cutar ta yanke cikin birnin na wani lokaci, har sai da karnukan waje suka sake shigo da ita. Ranar da Nijar za ta yi irin wannan gangami, magidancin da ya riga ya ga hoton allurar kare a littafin ɗansa ba zai ɓoye nasa a rumbu ba.

Amsa ga masu ja

Ja na farko na addini ne, kuma ya cancanci a amsa shi da ladabi. Hukunci na malamai ne, ba na jarida ba, amma abin da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan sananne ne. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan jama'ar Nijar suke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Shaihu Halil. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umurni ne. Alƙur'ani mai girma ya ambaci karen As'habul Kahfi kwance a bakin kogo, ya kuma halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa cikin huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. An yarda a riƙe kare domin farauta da kiwo da gadin gona, an kuma hana riƙe shi don wasa kawai. An ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa sa'ad da katangarsa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Littafin da ake magana a kansa ba zai sa kare cikin ɗaki ko bisa tabarmar salla ba. Zai nuna shi a inda shari'a da al'ada suka ajiye shi, a ƙofar gida, a bayan garke, a dawa. Ya kamata kuma a nuna wa malamai zanen kafin a kai shi maɗaba'a.

Ja na biyu shi ne cewa kare zagi ne a bakin Bahaushe, bai dace da littafin makaranta ba. Gaskiya ne ana zagi da shi. Amma harshen da yake zagi da kare shi ne kuma ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ya cika tatsuniyoyinsa da kare da kura. Raina kare bai taɓa hana shi cizo ba. Rainin ma shi ya sa yara suke taruwa suna jifansa, babu mai tsawata musu, har ya juyo ya kama mafi ƙanƙanta.

Ja na uku na kuɗi ne: ƙasar da ajujuwanta na zana ba su ƙare ba, ina ita ina littafin kare? Amsa ita ce ɗan littafi mai shafi 16, da launi biyu, ba ya cin abin da littafin lissafi ko na tarihi yake ci, kuma aiki biyu yake yi, na ma'aikatar ilimi da na ma'aikatar lafiya. A kwatanta shi da abin da iyali suke kashewa wajen ɗaukar yaro daga ƙauye zuwa babban gari sau uku ko huɗu domin allura, balle abin da ba ya da farashi.

Ja na huɗu daga manya yake fitowa, masu ganin cewa littafin hotuna na yara ne, bai kamaci mai furfura ba. Wannan ya danganta da yadda aka yi zanen. In an zana makiyayi da mafarauci da uwar gida da kamala, yadda suke a zahiri, babba zai karanta ba kunya. Ba kuma abin da yake ƙarfafa karatun magidanci kamar ya zauna da dare ya karanta wa ƴaƴansa shafi da bakinsa, su ga cewa mahaifinsu ma ya iya.

Karnukan ƙasar nan

Nijar ba ta rasa karen da za ta zana ba. A kwarin Azawak, arewacin jahar Tawa, inda saniyar da kowa yake alfahari da ita ta samo sunanta, makiyaya suna da wani kare siriri mai dogayen ƙafafu, mai gudun da yake cim ma barewa, mai tsaron zango da dare. Tun shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yau kuma masu kiwon karnuka a Faransa da Jamus da Amurka sun san shi da sunan Azawak. Abin kunya ne a ce baƙi sun rubuta littattafai a kansa, ɗan Abalak da ɗan Cintabaradan ba su taɓa ganin hotonsa cikin littafin lakwal ba. Ga kuma karen mafarautan Arewa da Gobir, ga karen da yake bin garken Fulani, ga na gida mai gadin rumbu da awaki. Littafi uku ko huɗu ke nan, kowanne da labarinsa, ba sai an aro na kowa ba.

Wa zai yi aikin

Ma'aikatar ilimi tana da cibiyar INDRAP, wadda aka kafa a 1974 domin irin wannan aiki, tana kuma da jami'an yaƙi da jahilci a kowace jaha. Su ya kamata su tsara kalmomi daki daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ma'aikatar lafiya da ta kiwo su duba kowace jimla da ta shafi cizo da allura, domin kuskure a nan ya fi rashin littafin muni. Masu zane na ƙasa su yi hotunan, a kai su ƙauyuka a gwada kafin a buga, domin wanda bai saba da zane ba yana iya ganin kan kare shi kaɗai a shafi ya ɗauka an yanke shi ne. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, wannan kuwa nauyi ne, ba kwalliya ba: harshen ƙasa yana bukatar littattafan da yara za su riƙe. Haukan kare kuma ba ya tambayar harshe, saboda haka a bar hotunan yadda suke, a sauya rubutun ƙarƙashinsu zuwa zabarmanci, fulfulde, tamajak, kanuri da sauran harsunan jama'a. In an buga, kada a jibge su cikin magaza a Yamai har gara ta cinye. A raba su cibiyoyin karatun manya, da makarantu, da ɗakin jira na gidajen likita.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, duniya take tunawa da yaƙi da haukan kare, ƙasashe kuma sun ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon kare kafin 2030. Lokaci ya matso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Zai yi kyau ƙwarai a ce 28 ga Satumba mai zuwa ta tarar da littafin farko a hannun ɗalibai, daga Difa har Tilaberi, maimakon jawabi kaɗai. Allah ya ba mahukunta ikon dubawa, ya kuma tsare yaran ƙasa.